Kujerar Gio Ponti: sabuwa, tsohuwa ta gwanjo, ko a kai wa kafinta hoto?

Duk wanda ke bibiyar harkar zanen gine-gine da kayan ɗaki, ko ba jima ko ba daɗe zai ci karo da hoton wani yaro yana ɗaga kujerar katako da yatsa ɗaya. Sunan kujerar Superleggera, wato mara nauyi ƙwarai. Gio Ponti, mai zanen gini ɗan Italiya, ne ya zana ta, kamfanin Cassina na garin Meda da ke arewacin Milan ya fara fitar da ita a 1957, kuma har yau ana yin ta. Nauyinta kilo 1.7 ne kacal.

Wanda sha'awarta ta kama, da zarar ya fara tambayar kuɗi zai tarar hanyoyi huɗu ne a gabansa. Akwai sabuwar Superleggera daga kamfani. Akwai yayarta, Leggera, wadda ta riga ta fitowa. Akwai tsofaffin da ake sayarwa a gwanjo. Akwai kuma masu ba da shawarar a kai wa kafinta hoto kawai ya buga irinta. Na yi wannan rubutu ne domin wanda ya tsaya a wannan mararraba, mai gida ne, ko mai otal, ko mai zanen gini da ke zaɓar wa wani kayan ɗaki.

Abin da za mu auna

Na farko kuɗi, kuma ba farashin da aka rubuta a shago kaɗai ba. Sai an haɗa da kuɗin dako, da inshora, da kuɗin fito idan kujerar za ta tsallake iyaka. Na biyu ƙarko, wanda ba ya rabuwa da tambayar wa zai riƙa zama a kanta, kuma sau nawa a rana. Na uku sauƙin samu da sauƙin gyara in ta lalace. Na huɗu haɗari: jabu, karyewa a hanya, da abin da yanayin garinku zai yi wa katakon. Zan kuma riƙa taɓo daɗin zama, domin sau da yawa masu sayen kujerun da suka yi suna sukan manta cewa zama za a yi a kai.

Mutumin da ya zana su

Ba za a gane dalilin tsadar waɗannan kujeru ba sai an san abin da Ponti ya shafe rayuwarsa yana nema. An haife shi a Milan ranar 18 ga Nuwamba 1891, ya rasu a can ranar 16 ga Satumba 1979. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kammala karatun zanen gini a Politecnico di Milano a 1921. Da tangaran ya fara yin suna, lokacin da ya zama jagoran zane a kamfanin Richard-Ginori daga 1923. A 1928 ya kafa mujallar Domus, wadda ta zama dandalin masu zane na Italiya. Ya zana injin dafa kofi na La Pavoni a 1948, ya ƙawata cikin manyan jiragen ruwa har da Andrea Doria, ya gina Villa Planchart a Karakas, da Villa Nemazee a Tehran, da ginin ma'aikatar tsare-tsare a Bagadaza, da gine-ginen gwamnati a Islamabad, da gidan tarihin zane-zane na Denver a Amurka a 1971.

Amma ginin da aka fi saninsa da shi shi ne dogon benen Pirelli da ke fuskantar babbar tashar jirgin ƙasa ta Milan, mai tsayin mita 127, wanda ya yi tare da injiniyoyi Pier Luigi Nervi da Arturo Danusso, aka buɗe shi a 1960. Gefunansa biyu sun tsuke, ta yadda in ka tsaya daga gefe sai ka ga kamar ba shi da kauri. A shekarun da ake wannan gini ne aka fitar da Superleggera, kuma tunani ɗaya ne a cikinsu: a rage duk abin da za a iya ragewa, a bar wanda ke ɗaukar nauyi kaɗai.

Tushen kujerar kuwa ba daga kansa ya faro ba. A garin Chiavari, a gaɓar tekun yankin Liguria gabas da Genoa, wani kafinta mai suna Giuseppe Gaetano Descalzi ya fito da wata siririyar kujera mai saƙaƙƙen mazauni a 1807, mutanen garin suka mai da ita sana'a. Kujerun nan masu ruwan zinari da ake jerawa a ɗakunan biki a Kano da Abuja, waɗanda 'yan haya ke kira da sunan garin, jikokinta ne na nesa, sai dai su na ƙarfe ne ko roba. Ponti ya ɗauki ta asalin ya yi ta ragewa tare da kafintocin Cassina tun ƙarshen shekarun 1940. Leggera mai lamba 646 ta fito a 1952. Shekara biyar bayan nan Superleggera mai lamba 699 ta biyo baya.

Zaɓi na ɗaya: sabuwar Superleggera

Sirrinta yana cikin ƙafafu. Maimakon a yi su zagayayyu, an fere su da kusurwa uku, kaurinsu milimita 18. Katakon na itacen da Turawa ke kira ash ne, wanda ake yin ƙotar gatari da sandunan wasanni da shi saboda yana lanƙwasa ya dawo ba tare da ya tsage ba. Mazaunin kuma saƙar ɓawon ratan ne, wani tsiro mai nannaɗo daga dangin kwakwa da ake samu a kudu maso gabashin Asiya, kuma da hannu ake saƙa shi a jikin firam ɗin. Ƙafafun baya sun miƙe sama sun zama majingina, sun ɗan karkata baya daidai inda gadon bayan mutum ke buƙata.

Kuɗinta a shagunan Turai a 'yan shekarun nan ya kan kai wajen Yuro 2,000 kowace ɗaya, gwargwadon fenti da irin mazaunin da aka zaɓa. Wanda ke son shida na teburin cin abinci ya riga ya san lissafinsa tun kafin a zo maganar dako. Abin da ke damuna a nan shi ne, Ponti ya yi niyyar kujera mai araha ce ta kowa da kowa. Aikin hannun da siririyar ƙafa ke ci, da saƙar, da sunan da ta yi, su suka ɗaga ta zuwa inda take yau.

Ta fuskar ƙarko, labarin da aka fi bayarwa shi ne cewa a Cassina an riƙa jefo ta daga saman bene domin gwaji, ta faɗi ta yi tsalle ba ta karye ba. Ban ƙi labarin ba, amma abin da yake nunawa shi ne katakon na jure bugu. Abin da ke kashe kujera a gida daban ne. Mai jingina baya ya ɗage ƙafafun gaba, da mai jan ta a kan tayil yana zaune, da yaron da ke takawa tsakiyar saƙa don ya ɗauko abu a saman kwaba, su ne ke sassauta mahaɗan katako a hankali. Kujerar da aka rage mata kauri har zuwa iyaka ba ta da rarar da za ta shanye irin wannan. In ana mutunta ta, za ta yi shekaru masu yawa, shaida kuwa ita ce na shekarun 1950 da har yanzu ake zama a kansu.

Faɗinta kusan santimita 41 ne, tsayinta 83. Mai jiki zai ji ta matse shi, kuma ba kujerar doguwar hira ba ce. Ba a kuma ɗora ta kan 'yar'uwarta, don haka mai ɗakin taro ya cire ta daga lissafi. Ana samun ta da launin katako, ko baƙa, ko fara, ko haɗin baƙi da fari. Akwai mai katifa da fata ko yadi, sai dai wannan ta fi kilo 1.7, kuma a ganina wanda ya saye ta ya biya kuɗin rashin nauyi sannan ya mayar da wani ɓangare na nauyin.

Samun ta ba wuya ta hannun dillalan Cassina, illa dai sau da yawa sai an yi oda an jira makonni. Haɗarin jabu kusan babu, in dai daga dillalin kamfani ne kuma an karɓi rasit.

Zaɓi na biyu: sabuwar Leggera

Daga nesa da wuya ka bambanta su. Daga kusa za ka ga ƙafafun Leggera zagayayyu ne, sun fi kauri, sun sirance zuwa ƙasa. Ta fi ƙanwarta nauyi, amma har yanzu da hannu ɗaya ake ɗaukar ta. Cassina ta dawo da ita kasuwa a 'yan shekarun baya da launuka da dama, kuma an fi ganin ta da mazauni mai katifa.

Zagayayyar ƙafa ta fi sauƙin yi, domin inji ne ke juya katakon ana fere shi, shi ya sa kuɗinta ke ƙasa da na Superleggera da tazara mai kyau. Ƙarin kaurin nan shi ne rarar da na ce waccan ba ta da ita. In yadin mazaunin ya tsufa, kowane mai gyaran kushin zai iya sauya shi, ba sai an nemo masaƙin ratan ba. Ga zaman cin abinci na kullum, ita na fi amincewa da ita a cikin huɗun. Abin da za ka rasa shi ne mamakin nan na ɗaga kujera ka ji kamar ba ka ɗauki komai ba, da kuma sunan da aka fi sani.

Zaɓi na uku: tsohuwa daga gwanjo

Nan ne ake samun riba, nan ne kuma aka fi yin asara, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Ana sayar da tsofaffin kujerun Ponti a gidajen gwanjo irin su Cambi a Italiya, da Wright a Chicago, da Phillips, sannan a shafukan intanet irin su 1stDibs da Pamono. Farashin ba shi da tsayayyen ma'auni. Leggera guda ɗaya da ta sha jiki kan iya zuwa ƙasa da kuɗin sabuwa, domin an yi su da yawa a lokacinsu. Cikakken saiti na shida ko takwas masu fenti da saƙar asali kuwa kan wuce kuɗin sabo nesa. Kayan da aka tabbatar daga wani sanannen aikinsa suka fito, kamar otal ɗin Parco dei Principi na Sorrento da ya zana a farkon shekarun 1960, su kuma kasuwar masu tara kayan tarihi ce, ba ta mai neman abin zama ba. A kan kuɗin da aka buga guduma, gidan gwanjo na ƙara nasa kaso, wanda sau da yawa kan kai kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Mutane da yawa ba sa saka wannan a lissafi sai takardar biya ta iso.

Babban haɗari shi ne suna. A shekarun 1950 da 1960 ƙananan masana'antu da dama a Italiya sun yi siraran kujeru masu kama da na Ponti, wasu ma kyawawa ne. Yau ana tallar su da kalmomi masu santsi. In ka ga an rubuta cewa kujera “a salon Ponti” take, ko “ana danganta ta da Ponti”, to mai sayarwa ya faɗa maka da bakinsa cewa ba shi da hujja. Abin da za ka nema: tambarin tsohon kamfanin mai ɗauke da sunan Figli di Amedeo Cassina, in bai ɓace ba, hotunan ƙasan mazauni da na mahaɗai daga kusa, awon kujerar da nauyinta, da tarihin hannayen da ta bi. Ga kaya masu tsada, cibiyar Gio Ponti Archives da ke Milan, wadda jikansa Salvatore Licitra ke kula da ita, tana ba da takardar tantancewa, kuma manyan gidajen gwanjo sukan ambata in kaya na da ita. Gwaji mafi sauƙi shi ne siffar ƙafa: in an ce Superleggera ce amma ƙafar zagayayya ce, to ko dai Leggera ce ko wata daban.

Sai lafiyar kujerar kanta. Katakon ash ba ya jure ƙwaro, don haka a duba ƙananan huji da garin katako a ƙarƙashinta. Gam mai shekara sittin kan saki. Saƙar da aka sake ba aibi ba ce ga mai son zama, amma tana rage daraja a idon mai tarawa, haka ma fentin da aka goge aka sake. Ka nemi mai sayarwa ya faɗi duk gyaran da aka yi a rubuce.

Akwai kuma doka. A Italiya, tun gyaran da aka yi a 2017, kayan fasahar da suka haura shekara 70 kuma wanda ya yi su ya rasu, suna buƙatar izinin hukuma kafin a fitar da su daga ƙasar idan darajarsu ta wuce adadin da doka ta ƙayyade, kuma ko ƙasa da haka akwai takardar da ake cikewa. Leggera na farko-farko sun riga sun shiga wannan shekaru. Ka tambayi dillali wa zai yi wannan aiki, kuma wata nawa zai ɗauka, kafin ka tura kuɗi.

Zaɓi na huɗu: aikin kafinta

Wannan ya fi kowanne araha, kuma ya fi saurin samuwa. Ban raina kafintocinmu ba, akwai masu hannu ƙwarai. Matsalar tana wajen katako. Milimita 18 ɗin nan an auna ta ne da ƙarfin ash da aka busar a tanda aka zaɓi wanda zarensa ya miƙe. In aka yi wannan kauri da obeche ko malaina, kujerar za ta yi sauƙin ɗauka, kuma wata rana za ta karye da mutum a kai. In aka yi da maɗaci ko iroko, dole a ƙara kauri, nauyi ya ƙaru, abin da aka je nema ya tafi. Ga kuma katakon kasuwa da ake yankawa bai gama bushewa ba, wanda siririyar ƙafa ba ta yafe masa: wata uku ta karkace. Ƙusa kuma tsaga irin wannan ƙafa take yi, sai dai haɗin katako cikin katako da gam mai kyau.

Ga mai kasuwanci akwai ƙarin magana. Magadan Ponti da kamfanonin da ke da lasisi suna kare haƙƙin zanensa, don haka buga kwafi ana sayarwa da sunansa, musamman zuwa Turai, neman rigima ne. Shawarata ga mai son wannan hanya ita ce ya ɗauki darasin ya bar kwafin: ya ce wa kafinta yana son siririyar kujera mai karkataccen majingina, a bar kauri ya bi ƙarfin katakon da ke hannu. In ma dole sai an kwaikwayi ɗaya, Leggera ce ta fi karɓar wannan. Wanda kuma ke da hanyar Italiya, har yau akwai ƙananan shagunan kafintoci a Chiavari da ke yin kujerar garinsu da hannu. Ba ta Ponti ba ce, ba a kuma ce tasa ba ce, amma daga gare ta ya koya.

Maganar yanayi

Wannan ta shafi ukun farko duka. An yi su ne don ɗakunan Turai. A Kano ko Yamai, damshin iska a lokacin hunturu kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, sannan damina ta zo ya haura sosai. Katako na tsukewa ya kumbura da wannan sauyi, mahaɗai na sassautawa, saƙar ratan kuma in ta bushe ƙarau sai ta fara tsinkewa. Maganinta shi ne a riƙa goge ƙasan saƙar da tsumma mai ɗan damshi lokaci-lokaci, a nisanta ta da rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Gara ma na son ash. Tsohuwar kujera mai tsohon gam ita ta fi shan wahala a wannan yanayi, mai katifa kuma ta fi mai saƙa juriya.

| | Sabuwar Superleggera | Sabuwar Leggera | Tsohuwa ta gwanjo | Aikin kafinta |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Wajen Yuro 2,000 kowace | Ƙasa da haka sosai | Ba tsayayye, ga kason gidan gwanjo | Mafi araha |
| Ƙarko | Mai kyau in ana lallaɓawa | Mafi jure amfanin kullum | Ya danganta da gam da ƙwaro | Ya danganta da katako |
| Samu | Oda ta dillali, a jira | Oda ta dillali, a jira | Sai an yi haƙurin nema | Nan da nan |
| Gyara | Sai masaƙin ratan | Mai gyaran kushin ya isa | Sai ƙwararre | Wanda ya yi ta |
| Haɗari | Hunturu, rashin kula | Kaɗan | Jabu, takardun fitarwa | Karyewa, karkacewa |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Mai iyali da ke neman kujerun teburin cin abinci, ga yara ga baƙi, ya ɗauki Leggera mai katifa. Haka ma mai ƙaramin gidan abinci ko otal da ke son aikin Ponti na gaskiya wanda zai jure jama'a.

Mai zanen gini ko malamin zane da ke son abin da zai ajiye a ofis, ya zauna a kai, ya kuma miƙa wa ɗalibi ya ɗaga ya juya ya ga yadda aka haɗa ta, ya sayi Superleggera guda ɗaya ko biyu, mai saƙar ratan, da launin katako don a ga zaren itacen. Guda ɗaya ta isa wannan aiki, ba sai saiti ba.

Wanda ke zaune a Turai ko Amurka, yana iya zuwa ya ga kaya da idonsa, kuma yana da haƙurin jira, shi gwanjo ya dace da shi. Wanda zai saya daga nesa ta hoto, sannan a yi dakonta zuwa ƙasa mai hunturu, ban ba shi shawarar tsohuwa ba, sai in da takardar tantancewa da inshorar da ta ambaci karyewa a hanya.

Wanda siffar kawai ta burge shi kuma kuɗinsa bai kai ba, ya je wurin kafinta da hoton Leggera, ya biya a busar da katakon sosai, ya sa a fara buga guda ɗaya. A zauna a kanta har hunturu ya wuce, in ba ta yi motsi ba sannan a buga sauran.